Kwalbar da Na Bari a Gindin Mangwaro

Na ga abubuwa da dama a rayuwa, wasu na manta da su da gangan, wasu shekaru suka share mini. Amma akwai wata Asabar ta rani wadda na san ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina, ba za ta fita daga raina ba. Na daɗe ina jin nauyin rubuta ta. Yau dai na ce bari in faɗa, ko wani ya tsira daga abin da mu ba mu tsira ba.

Ni bakanike ne a Kafanchan. Ba na manyan motoci ba, ƙananan injuna nake gyarawa: janareta, injin niƙa, injin ban ruwa, wani lokaci mashin. Rumfata tana can gefen layin dogo, inda tsofaffin taragai ke tsatsa. Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu, ni da yayana, kuma ya ba ni shekara goma sha shida. Ina aji uku a firamare Baba ya rasu, don haka a hannun yayana na tashi, a ƙauyenmu da ke gaba da Gidan Waya kaɗan. Matarsa ce ta yi mini wanka, ita ta dake ni, ita ta ƙulla mini garin rogo da ƙuli-ƙuli ranar da zan tafi koyon aiki. Ban taɓa kiranta matar yaya ba. Mama nake ce mata, ita kuma Auta take ce mini, duk da furfurar da ta fara leƙo mini.

Yayana mutum ne mai ƙarfin aiki da sanyin hali. Aibinsa ɗaya ne, sha. Burukutu ranar kasuwa, ogogoro idan an sayar da citta. Ba ya duka, ba ya zagi, sai dai ya dawo yana waƙa ya zube a ƙofar ɗaki. Mama ta yi shekaru tana yaƙi da abin nan, da kuka, da azumi, da kai ƙara wurin dattawan ikkilisiya. Ita ce shugabar zumuntar mata a majami'armu, kuma abin yana cin ranta: ta tsaya gaban mata tana yi musu gargaɗi, a gida mijinta na tangaɗi. Sai wata Lahadi, ba wanda ya tilasta shi, ya miƙe gaban jama'a ya ce ya bari. Ya kuwa bari. Shekara huɗu cur ko warin giya ba a ji a bakinsa ba, har aka mayar da shi cikin masu cin jibin Ubangiji a majami'a.

Sai shekarar nan ta zo, wadda duk ɗan kudancin Kaduna ya san ta. Citta ta ruɓe a ƙasa. Ganye ya yi rawaya, in ka tona ka tarar ta zama ruwa tana wari. Yayana ya zuba duk ƙarfinsa a gonar citta, bai kwashi ko irin shuka ba. A shekarar ce kuma aka cire tallafin mai, fetur ya hau ya ƙi saukowa. Da damina ta ɗauke yayana ya ce ba zai zauna ya zuba wa yunwa ido ba, ya gyara wata fadama a bakin rafi ya dasa tumatir da attarugu da kabeji. Na haɗa masa tsohon injin ban ruwa daga tarkacen rumfata. Injin lafiya lau, abin da zai sha ne ya gagara. Akwai makon da shi da Mama suka yi kwana biyar suna ɗibar ruwa da bokiti har kafaɗunsu suka kumbura.

Ana cikin haka wani malamin kimiyya da ke koyarwa a kwaleji a Gidan Waya ya kawo mini janaretansa gyara. Muna hirar tsadar mai ya ce ai duk injin da ke tashi da tartsatsin fulogi ba lallai sai fetur ba, yana iya ƙona barasa, har akwai ƙasashen da motocinsu da ita suke yawo. Ya zauna a benci ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce iri biyu aka fi sani. Akwai wadda ake tatsowa daga rake ko rogo ko hatsi, ita ce a cikin giyar da mutane ke sha, sunanta etanol. Akwai kuma 'yar'uwarta ta masana'anta, metanol, kamarsu ɗaya, warinsu kusan ɗaya, ido ba ya raba su. "Amma ta biyun nan guba ce," in ji shi. "Kaɗan ta isa ta makantar da mutum, ko ta kashe shi." Na ji wannan magana, ba zan ce ban ji ba. Sai dai hankalina yana kan kabureta, maganar ta bi ta bayan kunnena.

Na yi cigiya har na samu wani mai fentin kujeru a Kaduna da ke da ragowar duro na sifirit ɗin masana'anta, ya bar mini da araha. A jikin duron akwai zanen ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu, an rubuta metanol ɓaro-ɓaro. Na juye a jarkoki na ɗora a motar haya ta hanyar Kachia. Duron da zanensa suka tsaya a Kaduna. Jarkokina farare ne, ba rubutu ko ɗaya a jikinsu.

Mako biyu na yi ina fama da injin gwaji a rumfa. Na gane barasa ba ta kai fetur ƙarfi ba, sai injin ya sha kusan ninki biyu kafin ya yi aiki ɗaya, don haka na riƙa buɗa ramin jet ɗin kabureta, inda mai ke bi, da siririn ƙarfe, kaɗan-kaɗan, har ya daina shaƙewa. Na gane tana cin tiyon roba, na canja tiyo. Da sanyin safe ba ta son tashi, sai an ja igiya har hannu ya gaji, ko a ɗiga wa injin ɗan fetur a baki. Kuma ba a barinta ta kwana a tanki, don tana jan danshi tana cin ƙarfen kabureta. Amma idan injin ya kama, kai! Ba baƙin hayaƙi, fulogi fes, ƙararsa ma ta fi laushi. Ranar da ya yi awa guda bai mutu ba, na ji kamar ni na ƙera shi.

Na kai aikin fadama, maƙwabtan gona suka taru. Da ruwa ya taso ta bakin tiyo wurin ya ɗauki sowa. Yayana ya sunkuya ya shinshina bakin salansa ya ce, "Auta, wannan wane irin mai ne ba ya wari?"

Da na ce masa metanol ne, guba ce, kada kowa ya taɓa, da yau ba ni da labarin da zan ba ku. Amma idanu suna kaina, ina son a yi dariya. Na ce, "Yaya, ba mai ba ne, giya ce. Ogogoro ne zalla. Kai ka tuba, injinka ya karɓe ka."

Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi, har da buga ƙafa. Daga ranar ake ce wa injin ɗan giya. Ban taɓa gyara maganar ba.

Kusan wata guda abin yana tafiya daidai. Duk bayan kwana uku nake zuwa da jarka, mu ba da ruwa tare, in koma da abata. Wata Juma'a da yamma muka gama, na kwance tiyo zan tsiyaye abin da ya rage a tanki kamar kullum. Jarkar tana can ɗaure a mashin a saman tudu, na ji ƙyuyar hawa. Na ga wata tsohuwar kwalba mai murfi a bukkar gona, na tsiyaye a ciki har ya kai wuyanta, na jingine ta a gindin mangwaro, na ce ai zafi ya yi yawa, gobe da safe zan dawo mu ƙara ba da ruwa. Akwai fetur a mashin ɗina. Da na ɗiga ko cokali biyu a kwalbar nan, wari kaɗai ya isa ya kori mutum. Ban yi ba. Na bar yayana zaune a kan kututture yana kallon tumatirinsa, wanda dillali ya yi alkawarin zuwa ɗauka sau biyu bai zo ba, har ya fara laushi a jikin uwarsa.

Washegari na iso ƙauye wajen ƙarfe takwas. Mama tana shara a tsakar gida ta ce, "Auta, yayanka ba lafiya. Kai na ciwo, ya yi amai sau biyu. Maleriya ne, na ba shi magani." Na leƙa ɗaki, yana kwance ya juya wa ƙofa baya. Na yi masa sannu, ya amsa bai juyo ba. Ya ce in je in ba shuka ruwa kafin rana ta yi.

Na gangara fadama. Kwalbar tana inda na bar ta, amma ba yadda na bar ta ba. Jiya a wuya take, yau ta sauka da kamar yatsa biyu. Kusa da ita kofin robar da muke shan ruwa da shi yana kife. Na ɗauka na shinshina.

A nan nake so mai karatu ya tsaya tare da ni, domin duk kurakuran da na yi kafin nan na ganganci ne, wannan kuwa da sanina na yi shi. A take na gane. Maganar malamin nan ta dawo mini kalma bayan kalma. Abin da ya kamata shi ne in hau mashin da gudu. Sai na shiga yi wa kaina ƙarya. Na ce ai abin nan yana bin iska, wataƙila murfin bai rufu ba. Na ce mutumin da ya yi shekara huɗu bai sha ba, don me zan zarge shi. Na ce idan na faɗa a gaban Mama alhali bai sha ba, na ci masa mutunci a banza. Gaskiyar kuwa tsoro nake ji. Tsoron idon matar da ta raine ni, ranar da za ta ji cewa ni na kawo guba gonar mijinta na kira ta giya. Na juye sauran a tanki, na ƙara daga jarka, na ja igiya, na ba tumatir ruwa. Layi-layi na bi, a tsanake, har attarugu, har kabeji. Awa huɗu.

Da na koma gida rana ta take. Mama ta ɗaura zanen zumunta da farar riga da ɗankwali, don a ranar ake taron mata na gunduma a Kafanchan, tana jirana in zauna da shi ta leƙa ta dawo. Yayana ya fito yana zaune a tabarma a inuwa, yana numfashi da sauri kamar wanda ya yi tsere. Ya juyo wajen muryata ya ce, "Wa ke ƙona ciyawa ne? Hayaƙi ya cika gidan nan."

Ba hayaƙi ko ɗaya. Gari tas yake. Ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, hannun ya wuce ta gefe.

Muka sa shi a tsakiya a kan mashin, ni a gaba, Mama a baya tana rungume da shi, har wani asibiti a Kafanchan. Ko a hanya ban buɗe baki ba.

Likitar da ta karɓe mu mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta haska idonsa da 'yar tocila, ta sake haskawa, ta saurari numfashinsa, na ga fuskarta ta canja. Ta ce wannan bai yi kama da maleriya ba. "Baba, me ka ci ko ka sha jiya? Maganin gargajiya? Giya?"

Mama ta riga shi amsawa. "Dokta, mijina ba ya sha. Shekara huɗu ke nan." Ta faɗa da ƙarfin wadda ta san abin da take faɗa. Yayana ya sunkuyar da kai ya ce tuwo kawai ya ci.

Likita ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Idan akwai wanda ya san wani abu, yanzu ne lokacin faɗa. Anjima ba shi da amfani."

Mu biyu a ɗakin nan mun sani, kowa yana rufa wa kansa asiri. Ban san daga ina muryar ta fito ba. Na ce, "Metanol ne, na injin ban ruwa. Ni na bar shi a kwalba." Na juya na ce, "Yaya, ka sha?"

Ya juyo da fuska wajen muryata. Sannan ya ce da yarenmu, a hankali, "Kaɗan ne. Na sirka da ruwa. Ka ce giya ce."

Ba zargina yake yi ba, bayani kawai yake yi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Mama ba ta yi ihu ba, ba ta dube ni ba. Ta ja da baya ta nemi bango ta jingina.

Likita ba ta ɓata lokaci ba. Ta sa aka ɗaura masa ruwa, tana aiki tana yi mana bayani. Ta ce hanta ce ke juya gubar nan ta zama abin da ke ƙona jijiyar ido ya kuma lalata jini, dole a kai shi Jos a wanke masa jini. Kafin a kai, hanya ɗaya ce ta tsayar da hanta, wato a ba ta giya ta gaske ta shagala da ita ta ƙyale gubar. Ta ce, "Maganin da ya dace ba mu da shi a nan. A samo mini giya mai ƙarfi, ta kamfani, wadda ba a buɗe ba. Ba ta jarka ba, ba ta leda ba. Yanzu."

Na yi zumbur na miƙe. Mama ta ɗaga hannu. "Tsaya. Kwalba ɗaya ka kawo, ta ishe mu. Ni zan je."

Likita ta tura ni neman motar da za ta kai mu Jos, kuma hanyar tasha ɗaya ce da ta shagon giya, don haka na gani da idona. Shagon a bakin titi yake, maza suna zaune a benci suna kallon ƙwallo. Mama ta shiga da zanen zumunta, wanda aka buga aya a jikinsa. Hira ta tsaya cak. Mai shagon ya ɗauka wa'azi ta zo yi, har ya fara rage ƙarar talabijin. Ta nuna kwalba, ta juya ta ta duba murfin da kyau. Ya tsaya neman baƙar leda, ta ce ba ta da lokaci. Ta fito riƙe da ita a fili. Gari kuwa cike yake da masu irin zanenta saboda taron. Na ga wasu mata uku sun tsaya a gefen titi, ɗaya ta dafe baki. Ta gan su sarai. Ba ta ɓoye kwalbar ba, ba ta tsaya yin bayani ba, ta tsallaka titi da sauri takalminta na sulluɓewa.

Da na dawo da mota an auna giyar a kofi an gauraya da lemo, amma yayana ya ƙi. Warin kawai ya ji ya kawar da kai ya datse haƙora. Wata sista mai jinya ta lallashe shi, likita ta yi masa faɗa, ya ce, "Na yi alkawari gaban Ubangiji. Jiya na karya, ba zan ƙara ba. Ku bar ni in tafi haka."

Mama ta karɓi kofin. Ta zauna a bakin gado ta tallafo kansa kamar na jinjiri. Ta ce, "Maigida, shekara ashirin ina roƙonka ka bari. Yau ina roƙonka ka sha. In akwai zunubi a ciki, a kaina. Buɗe baki."

Ta rufe ido ta yi gajeriyar addu'a a cikin sunan Yesu a kan kofin nan, ta kai masa baki. Ya sha, hawaye na bin kumatunsa. Na ga mutane suna kuka a wurin jana'iza, na ga uwaye a ƙofar ɗakin tiyata, amma ban taɓa ganin abin da ya karya mini zuciya kamar wannan ba.

Muka kama hanya, sista ɗaya ta raka mu, Mama tana ba shi abin nan a kan lokaci yadda aka rubuta mata a takarda. Da muka wuce Gidan Waya ya tambaya ko an ba kabeji ruwa. Na ce an ba shi. Ya ce madalla.

Kwana tara ya yi a can. An wanke masa jini, rai ya tsaya. Idon dama ya tafi gaba ɗaya. Na hagu yana raba masa haske da duhu, yana ganin inuwar mutum idan ya tsaya kusa. Ranar da za a sallame mu na ja likitan ido gefe na tambaye shi, da an kawo shi tun da safe fa? Ya dube ni ya ce ba zai iya rantse mini ba, amma a irin wannan guba ba a wasa da ko awa ɗaya. Har lokacin ba wanda ya san abin da na yi a fadama ranar Asabar.

Muka dawo muka tarar da magana ta riga mu isowa. An ga shugabar zumunta da kwalbar giya da rana tsaka. Wasu suka ce dama ita ke sayo wa mijinta a ɓoye, wasu suka ce ita ma tana taɓawa. Dattawa suka ce ta ɗan janye daga shugabanci har a bincika. Ta ce to. Ba ta kare kanta ba, domin duk bayanin da za ta yi zai tona asirin mijinta, zai kuma tona nawa. Lahadi biyu na ga ta zauna a bencin baya, a majami'ar da ta yi shekaru tana ba da waƙa a gaba.

A Lahadi ta uku, da fasto ya ba da lokacin shaida, na miƙe. Na faɗi duka: duron da zanensa, wasan da na yi a fadama, kwalbar, abin da likita ta sa Mama ta yi. Yayana ya ba ni izinin faɗin nasa tun kafin mu fito. Abin da bai sani ba shi ne ragowar. Na faɗi kofin da na shinshina, na faɗi awa huɗun. A nan Mama ta fara ji, a gaban kowa. Har yau ban sani ba ko na kyauta da ban fara gaya mata a gida ba. Ina jin tsoron ne dai bai gama sakina ba, na ga gaban jama'a ya fi sauƙi da gabanta ita kaɗai.

Da aka tashi yayana ya ce in zo in kama hannunsa. Muka bi hanyar gida a hankali. Can ya ce, "Auta, kai ka ajiye, ni na ɗauka. Kai ka yi shiru, ni ma na yi shiru, ai tun da ciwon ya fara na san abin da na sha. Kayan mutum biyu ne, kada ka ɗauka kai kaɗai, zai karya maka wuya."

Shiryawa da Mama ta fi haka daɗewa. An mayar mata da shugabancinta, dattawa sun zo har gida sun ba ta haƙuri, amma ni gaisuwa kawai ke haɗa mu. Wata rana na durƙusa a ƙofar madafa na roƙe ta gafara. Ta ci gaba da tuƙa tuwonta, sannan ta ce, "Kwalbar na yafe tun a asibiti, kowa yana mantuwa. Awa huɗun nan ne nake roƙon Ubangiji ya taimake ni." Na tashi na tafi. Sai bayan kusan shekara ta zo rumfata da kanta, wai injin niƙanta na ƙara. Injin ba abin da ya same shi. Ta zauna a benci ta ɓare gyaɗa, ta yi mini faɗan rama da rashin aski, ta ce ranar Asabar in zo a ci abinci.

Ban bar aikin ba, don dabarar ba ta yi laifi ba. Har yanzu ina gyara injuna su ƙona barasa ga wanda yake so, kuma manoman rani da dama sun amfana. Sai dai metanol ba ta ƙara shiga rumfata ba. Etanol nake nema, in sirka da fetur, in zuba launi, a jar jarka mai rubutun guba da manyan baƙaƙe, kuma ba na ba mutum sai na zaunar da shi na faɗa masa da baki, da matarsa idan ta samu. Yayana bai bar fadama ba. Da hannu yake gane tumatirin da ya nuna, kuma ya fi masu ido da yawa saurin tsinka. Idan na je na tsaya a gabansa, yakan karkata kai ya nemi inuwata da idon hagu kafin ya yi murmushi. Duk lokacin da ya yi haka sai na ji abin ya dawo sabo.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma da tsada na saye shi, kuma wani ne ya biya. Abu mai haɗari a kira shi da sunansa, ko da ba zai ba kowa dariya ba. Idan kuma ka yi kuskure ka gane, kada ka tsaya lallashin kunyarka, domin kunya tana iya jira, jikin mutum ba ya jira. Mutanen garinmu suna yaba mini wai na yi ƙarfin hali na faɗi gaskiya, ni kuwa na san abin da na sani. Gaskiya ma kamar magani take, tana da lokacin sha. Na faɗe ta, amma da rana tsaka na faɗa, alhali tun da safe ake bukatarta.